Riga a Cikin Hoto: Maza, Maɗinka da Tarihin da Ke Ninke a Akwatunan Kudancin Kano

Lacca ga taron maɗinka, masu aikin wuya, masu ɗaukar hoto da ɗalibai na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa

    

Gabatarwa

Maganar wannan zama ita ce rigar namiji kamar yadda take fitowa a hoto, musamman hoton da mutum ya tsara wa kansa. Wanda zai tsaya gaban mai zane ko mai kyamara ba ya jawo duk rigar da hannunsa ya kai. Yakan buɗe akwati ya zaɓa, ya kai wa mabugi ko mai guga, ya karya hula, ya gyara saɓi, domin ya san hoton zai daɗe bayan ba shi. Irin wannan hoto shaida biyu yake bayarwa: yadda mai rigar yake so a tuna da shi, da kuma gwanintar wanda ya yanka ya ɗinka. Mai rigar akan san sunansa. Tela da mai aikin wuya kuwa, kusan kullum sunansu ɓacewa yake yi. Kudancin Kano yana da tarihin sutura mai nauyi, yana nan cikin akwatuna da tsofaffin hotuna da littattafan awo, kuma yana lalacewa ba a rubuta shi ba.

Masu zanen Turai da kayan jikinsu

A shekarar 1498 wani matashi ɗan garin Nuremberg a Jamus, Albrecht Dürer, ya zauna gaban madubi ya zana kansa. Shekarunsa 26, ɗan maƙerin zinariya ne. Zanen yana gidan adana zane-zane na Prado a Madrid har yau. Kayan jikinsa su ne ke fara jan ido: 'yar ciki fara mai ƙananan tattara da aikin zare mai ruwan zinariya a wuya, rigar sama fara da baƙin gefe, hula mai ratsin fari da baƙi, sai safar hannu ta lallausar fata. A wannan safar zancen yake. A Jamus ta lokacin, mai zane ɗan sana'ar hannu ne, sahunsa ɗaya da kafinta da maƙeri. Da ya rufe hannuwansa da fata mai tsada, neman wurin zama yake yi cikin manyan gari.

Rembrandt na Amsterdam ya zana kansa da fenti kimanin sau 40. A zanen 1640, lokacin da kasuwarsa ke ci, ya fito cikin kaya masu gashin dabba a gefe, irin na manyan mutanen ƙarni guda kafin shi, kamar dai saurayin yau ya ɗauko rigar kakansa ranar ɗaurin aure don a san gidan da ya fito. A 1656 bashi ya karya shi, daga baya aka yi gwanjon kayan gidansa. A zanen 1660, wanda ke Louvre a Faris, ga shi tsaye gaban allon zane da farar hular aiki da buroshi a hannu. Duk wanda ya jera zanen biyu zai karanta hawa da saukar mutumin daga tufafinsa.

Akwai kuma Matthäus Schwarz, akantan gidan attajiran Fugger a Augsburg. Shi ba mai zane ba ne, biya yake yi a zana shi. Daga 1520 zuwa 1560 ya tara hotuna 137 na kansa cikin kayan da ya saka a matakan rayuwarsa, kusan kowanne da bayani a rubuce: shekararsa nawa, wane irin yadi ne, wace hidima aka saka shi dominta. Saboda wannan rubutun ne masana ke komawa littafinsa in suna son sanin abin da namiji ke sakawa a Jamus shekaru ɗari biyar da suka wuce. A ɗaya gefen kuma, wajen 1570 mai zanen Italiya Giovanni Battista Moroni ya zana wani tela tsaye gaban tebur, almakashi a hannu, baƙin yadi a shimfiɗe. Zanen yana Landan, mutane na tururuwar kallonsa, amma ba a tabbatar da sunan telan ba.

Ayuba Sulaiman ya ƙi kayan aro

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu a Senegal ta yau, ɗan gidan malamai. An kama shi kusa da kogin Gambiya, aka sayar da shi bawa zuwa gonar taba a Maryland ta Amurka. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ita ce sanadin kuɓutarsa, ya isa Landan a 1733. A can abokansa Turawa suka nemi a zana shi. Da farko ya ƙi, saboda gudun abin da addini ya hana. Da suka tabbatar masa don tunawa kawai suke so, sai ya yarda bisa sharaɗi: da kayan ƙasarsu za a zana shi. Mai zanen, William Hoare, bai taɓa ganin irin kayan ba, sai da Ayuba ya siffanta masa su da baki. Abin da ya fito shi ne mutum cikin farar riga da farin rawani, da Alƙur'ani cikin jar gafaka rataye a wuyansa. Hannun Hoare ne ya riƙe buroshi, amma Ayuba ne ya yanke yadda duniya za ta gan shi, kuma ya zaɓi a gan shi malami ɗan malamai, duk da shekarun da ya yi a bauta. A 1734 ya koma gida.

Inda Bahaushe ya kai zanensa

Ƙasar Hausa ba ta da al'adar mutum ya zauna ya zana fuskarsa. Malamai sun tsaurara a kan suranta mai rai, jama'a kuma suka bi. Basirar zane sai ta bi wasu hanyoyi: zayyanar allo ranar sauka, adon bangon soro, aikin dukawa, da gaban babbar riga.

Babbar riga ta asali hannuwa da yawa take bi kafin ta kai kafaɗar mai ita. Manomi ya noma auduga. Mata su gurza, su shiɓe, su kaɗa da mazari. Masaƙi ya fitar da siraran ƙyallaye waɗanda faɗinsu bai wuce 'yan yatsu ba. Marini ya tsoma a karofi in ana son ƙore. Maɗinki ya harhaɗa ƙyallayen baki da baki, ya fitar da wuya da aljihu. Daga nan sai a kai wa mai zana aiki, wanda sau da yawa malamin allo ne, ya ɗauki alƙalaminsa na kara da tawada ya zana fasalin a jikin rigar. Mai allura ya bi zanen, mabugi ya kwantar da ita da dukan itace, dillali ya kai kasuwa.

Wanda ya shimfiɗa tsohuwar aska takwas a tabarma ya duba da kyau zai ga abin mamaki. Dogayen asake masu tsini suna saukowa daga wuya da bakin aljihu a ɓangaren hagu. A dama ga tambari a zagaye, wani kuma a baya. Ga gidan biyar, ga dagi a sarƙe. Tsakanin waɗannan kuwa ƙananan huduji ne birjik, kowanne an huda shi an zagaye bakinsa da zare ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke cin watanni. Zaren kan zama tsamiya, wato silikin gida da ake samu daga saƙar tsutsa a bishiya. Can ƙasa ta ciki akwai shafi, a riguna masu tsada na jan alharini, wanda fatake ke ketowa da shi Sahara daga Tarabulus. Ba a ganinsa sai mai rigar ya saɓa hannu ko ya hau doki, sannan jan ya leƙo. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shafe shekaru yana nazarin wannan aikin, kuma a 1976 ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan inda irin waɗannan riguna suka samu babban wuri.

Rigar takan faɗi matsayi tun kafin a yi sallama. Rawani mai kunne biyu a Kano na gidan sarauta ne. Alkyabba da kufta suna da masu su. Malum-malum da kwaɗo da linzami kowacce da irin mutumin da ake zaton gani a cikinta, haka 'yar shara ta manomi da mai aikin ƙarfi. Addini kuma ya sa iyaka. A hadisin da Muslim ya ruwaito, wani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutumin da ke son rigarsa da takalminsa su yi kyau, aka bambance masa tsakanin son kyau da girman kai. An hana namiji zinariya da tsantsar alharini, sai ɗan abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam, ya koka a Tazyinul Waraƙat da waɗanda son mulki da dawaki da tufafin alfarma suka ɗauke wa hankali. Wannan jan kunne da wancan izini, a tsakaninsu suturar Bahaushe ta girma.

Bebeji a kan hanyar fatake

Garuruwan nan huɗu ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi. Tsohuwar hanyar Zariya zuwa Kano ta Bebeji ta bi. A 1826 Hugh Clapperton ya yada zango a garin, ya same shi da ganuwa, cike da 'yan kasuwa, ya ƙiyasta mutanensa da 20,000 ko fiye. Gaba kaɗan ga Kura, wadda turkuɗinta mai sheƙi ya sa Buzaye ke neman 'yan Kura don rawani har cikin Abzin. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan raƙumi 300 na tufafin Kano ake kai wa Timbuktu kaɗai duk shekara, kuɗinsu wuri miliyan 60. Birni shi kaɗai ba zai iya wannan ba. Auduga da baba da zare da saƙa daga ƙauyuka suke fitowa, ƙasar kudu mai yawan ruwan sama kuwa tana cikin masu ciyar da kasuwar Kurmi.

A Bebejin nan aka haifi Alhassan Dantata a 1877, cikin Agalawa, fataken da ke ɗaukar rinannun tufafi su nufi Gwanja su dawo da goro. Ya yi fataucin Kumasi da Ankara, ya shiga cinikin gyaɗa, ya rasu a Kano a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma. Duk da haka abin da ake yawan ambato game da shi shi ne sauƙin rayuwa da rashin almubazzaranci. Tushen wannan dukiya ɗaurin tufafi ne a bayan jaki.

A farkon 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, Bebeji ta rufe ƙofa, aka fasa ta da igwa, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu. A 1911 layin dogo ya isa birni. Bayan waɗannan sai akoko da sauran yadin kanti suka yawaita, keken ɗinki ya shigo, kyamara ma ta shigo.

Yadda ake karanta tsohon hoto

Kyamara ta ba talaka abin da a Turai sai mai kuɗin biyan mai zane ke samu. Kusan kowane gida a Kiru ko Tudun Wada akwai irin hoton nan baƙi da fari: maigida zaune a kujera, labule a bayansa, ya buɗe gwiwoyi don rigar ta baje, ya saɓa hannun hagu don agogo ya fito, ya daidaita aljihu saitin kyamara don a ga aikin. Wani da rediyo a gefe, wani da carbi, wani da jakar Makka. Babu abin da ya faɗo cikin hoton da kansa. Maigidan ne ya tsara, mai hoto ya danna.

Mai bincike yana iya ƙiyasta shekarar hoto daga ɗinki. Doguwar hula mai aiki da aka laƙaba wa Shagari tana nuni da 1979 zuwa 1983 da 'yan shekarun bayansu. Tazarce ta samu sunanta daga siyasar 1998. Faɗin ƙafar wando, tsawon kaftani, zanna ko kube ko dara, aikin hannu ko na keke, duk alamu ne. Manyan 'yan siyasa ma da sutura suka yi magana: Sardauna da rawaninsa, kamar yadda yake a takardar naira 200, Malam Aminu Kano kuma da fararen kayansa marasa tarin aiki.

Sai dai a yi hattara. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yakan ajiye kwat da agogo da alƙalami da rediyo don aron abokan cinikinsa. A nan ma ango kan ari babbar riga wurin aboki. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, amma a hoto yakan rufe, sai an tambayi tsofaffin gida kafin a san rigar wa ce. Shi ya sa hoton da ba bayani rabin shaida ne.

Hoton kai da kai ma ya daɗe a Afirka. Samuel Fosso ya buɗe shagonsa a Bangui a 1975 yana ɗan shekara 13. In dare ya yi sai ya ƙarar da ragowar fim a kan kansa, cikin wando mai faɗin ƙafa da tabarau, ya aika wa kakarsa a Najeriya. Yau gidajen tarihi na duniya suna nuna hotunan. Abin da ya yi shi ne abin da samarin Kwanar Dangora da Riruwai ke yi da waya ranar Sallah, su ɗora a Facebook da WhatsApp kafin a sauko daga idi.

Shagon tela a goman ƙarshe

Wanda ke son ganin inda ake ƙera waɗannan hotuna, ya leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi, ko bayan kaka, lokacin da shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa suka shiga kasuwa, aure ya yawaita. Janareta na ruri a waje, kekuna na gudu, yaro na hura gawayin dutsen guga, wani na sa maɓalli. Mai ɗinki ya shigo da shadda a leda, ya miƙa waya: "Maigida, irin wannan nake so." Tela ya dubi hoton, ya dubi mutumin, ya rataya tef. "Alhaji, wannan dogo ne. In na yi maka wuyan haka zai cinye ka. Kuma kafaɗarka ta dama ta ɗan fi sauka, sai na ɗage mata." Ya rubuta tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, ƙirji, ya yanki ɗan ƙyalle daga gefen yadin ya maƙala jikin shafin, ya sa suna da ranar karɓa.

Wannan littafin awo taska ce. A cikinsa akwai sunayen mazan gari, da yadin da kowa ya iya saya a kowace shekara, da kuɗin ɗinki, da yadda yaro ya tashi daga yadi biyu zuwa yadi biyar. Aikin da Schwarz ya biya masu zane suka yi masa, telolin ƙauye suna yin irinsa kyauta ga gari guda. Amma da littafin ya cika, sai a jefar, ko a kunna gawayi da shi.

Yadin kansa yanzu baƙo ne. Geznar da ake alfahari da ita daga kamfanin Getzner na Bludenz a Ostiriya take fitowa, mai sauƙin kuɗin kuma daga Sin, duka ta Kantin Kwari. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, na Kano da dama sun bi sahu. Injin surfani mai kwamfuta yana gama wuya cikin sa'o'i kaɗan. Ba laifi ba ne, ya sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi ado. Illarsa ita ce fasali ɗaya ake kwafa daga waya zuwa waya, tsofaffin da suka san zana aska takwas da ka suna ƙarewa, 'ya'yansu kuma sun kama acaba. Abin da ya rage a hannun mutanen nan shi ne yanka da ɗinki da ido, kuma waɗannan ma sun isa a yi alfahari da su.

Abin da ya kamata a yi

Iyalai su fara da hotuna. A juya bayan kowane tsohon hoto a rubuta da fensir: sunan mutumin, garinsa, shekara ko sarkin da ke ci, hidimar da aka yi, sunan rigar, wanda ya ɗinka, wanda ya yi aikin wuya. A tambayi kakanni tun suna raye, musamman mata, domin su ne ke tuna ranar da riga ta shigo gida da abin da aka sayar aka saye ta.

Tsofaffin riguna a fitar da su daga leda, a naɗe cikin farin ƙyallen auduga, a nisanta su da danshi da gara, a riƙa shanya su a inuwa lokacin hunturu. Kada a bayar da saƙin kaka ga mai yawon sayen tsofaffin kaya a kan kuɗin cefane. Riguna irinsu suna cikin gilashi a gidan tarihin Birtaniya.

Ƙungiyoyin maɗinka su sa kowane tela ya riƙa maƙala sunansa da garinsa a cikin wuyan abin da ya ɗinka, ya ɗauki hoton aikin kafin ya bayar, ya ajiye littattafan awon da suka cika. Masu hali kuma, cikin kayan Sallah ko na auren ɗa, su ba da ko riga ɗaya aikin hannu, su biya ta da daraja, don mai allura ya samu dalilin koya wa yaro.

Makarantun sakandare na ƙananan hukumomin huɗu za su iya ɗaukar nauyin tattarawar. Kowane ɗalibi ya kawo kwafin hoto ɗaya daga gidansu, da yardar iyaye, tare da bayanin shafi guda. Malaman tarihi da na Hausa su tace, su jera bisa shekaru da garuruwa, a baje su a zauren makaranta a gayyato tsofaffin teloli su gyara kurakurai, sannan a miƙa kwafi ga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano da Arewa House a Kaduna. Aikin ba ya bukatar kasafin gwamnati: waya mai kyamara, fensir da littafin rubutu sun wadatar, kuma hutun ƙaramar Sallah mai zuwa, lokacin da 'yan ci-rani da ma'aikata ke dawowa gida ana buɗe akwatuna, ya dace a fara.